Kurɓi Ɗaya

Shekara talatin ina duba-gari,
ina leƙa randa, ina bin kwata,
mata na hango ni su ɓoye tsumma.
Yau na aje kaki, fansho na zuwa da ɗingishi,
harshe kaɗai ya ƙi yin ritaya.

Likita ya ce suga ya hau,
ya ɗaga yatsa: kurɓi ɗaya, Malam Ɗan'inna.
To, kurɓi ɗaya.
Wanda aka ba ƙwarya, sha yake yi;
wanda aka ba ludayi shi ke sauraro.

Na sayi littafi mai bangon kwali,
na rataya kofin silba a wuyan keke.

Litinin, Ƙofar Marusa, zoɓon Tabawa.
Ja ne wur, kamar an yanka yamma.
Citta ta fara sallama,
kanumfari ya biyo ta a baya yana gyaran murya.
Shi da tsire mai ƙuli da yawa
kamar maƙwabta ne masu faɗa da safe,
da dare su ci a akushi guda.
Bakwai. Da ta rage ɓawon abarba, da takwas ne.

Kunun ayar Lantana a Rafindaɗi
fari ne, mai nauyi, dabino ya yi masa zani.
Ba ya son nama, kada ka haɗa su.
Ba shi alkaki, ko gurasa busassa,
ka ga yadda mai kunya ke sakin jiki.
Takwas, in ka zo kafin azahar.
In wuta ta ɗauke, bayan la'asar,
ko maƙiyinka kada ka kai.

Akwai wani yaro a Sabon Layi
mai firji biyu da takarda a jikin gora,
har da lambar waya.
Lemon tsamiyarsa duk sukari ne da alkawari.
Na ba shi huɗu, ya ce tsufa ne.
Na ce ƙwarai, ita ma tsamiya
sai ta tsufa a bishiya take magana.

Kunun zaƙin Baturiya kuwa, a Gambarawa,
gero da tsiro da busasshen dankali,
ya kwana guda a tulu, ya tashi da ra'ayi.
Yana tsunkulin harshe kaɗan-kaɗan.
Na ce, Baturiya, sayar da shi yau,
kwana ɗaya ya rage masa ya bar salla.
Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu,
ta tura mini ƙosai uku masu zafi.
Ƙosan ne suka ja shi zuwa tara.

Masu zaman dakali suna tambaya,
wai goman nan taka, gadonta za a raba?
Sai in ce iskar keke ta hana ni ji.

Goma tana Saulawa, a wani ɗaki
da yanzu jikoki ke aje buhun masara.
Kunun kanwa ne, ba shi da kyan gani,
ruwan ƙasa-ƙasa, ko sukari babu.
Kulu ba ta taɓa awo ba,
yatsu uku ta tsoma a gari, shi ke nan.
Takan kawo shi da kwaɗon zogale,
ta tsaya a kaina tana mita
wai na tsufa ban iya hura abu mai zafi ba.

Jiya ɗiyarta ta dama mini irinsa.
Gero ɗaya, kanwa ɗaya, har tukunyar ita ce.
Na kurɓa. Na daɗe ban haɗiye ba.
Ta ce, Baba, nawa?
Na buɗe littafi, biro ya tsaya a sama.

Na rubuta tara da rabi.
Rabin nan, mitar ce babu.

Sannan na saɓa wa likita,
na shanye ƙwaryar.